Kufai da allunan hanya a gaɓar tekun Ailan da Wales

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili, ko da ya ɗan zarce wanda aka saba bai wa masu wasiƙa, domin in ba masu karatu labarin wata tafiya da na yi da maiɗakina da 'yarmu a mota cikin watan Yuni, inda muka zagaya gaɓar tekun ƙasar Ailan da ta yankin Wales cikin kwana goma sha biyu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na lura cewa duk lokacin da aka ambaci wannan ɓangare na duniya a jaridunmu, maganar ba ta wuce ta biza da kuɗin makaranta da ƙwallon ƙafa. Mu kanmu da muke zaune a nan, da yawanmu mukan shekara goma ba mu san wata hanya ba sai ta wurin aiki da ta masallaci da ta kantin da ake sayar da garin tuwo. Ni ma haka nake har zuwa wannan tafiya, wadda na fita da niyyar kallon teku da duwatsu, amma abin da ya tsaya mini a rai bayan na dawo shi ne kufan gidaje da kuma rubutun da ke jikin allunan hanya.

A Birmingham muke zaune, kuma tun kafin mu tayar da mota sai da muka koyi abu biyu. Na farko, Jamhuriyar Ailan ƙasa ce mai cin gashin kanta, ba ta ƙarƙashin Birtaniya, saboda haka izinin zama a Ingila ba ya isar mai fasfon Nijeriya ya shiga Dublin, dole ne ya nemi bizar Ailan daban, kuma bizar Shengen da ake yawo da ita a Faransa da Jamus ba ta aiki a can. Na biyun ya fi yi wa maiɗakina ciwo, domin tun da Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai aka hana matafiyin da ya taso daga Ingila ko Wales shiga Ailan da nama ko madara, don haka dambun naman da ta yi niyyar yi mana guzuri da shi bai bi mu ba, da yaji da garin kunu da ƙuli-ƙuli kawai muka tafi. Tuƙi kuwa a ƙasashen biyu ta hannun hagu ake yi, kamar yadda iyayenmu suka yi a Nijeriya kafin a sauya hannu a watan Afrilun 1972.

Mun bi ta arewacin Wales, muka tsaya muka kalli tsohuwar gadar Menai mai rataye da sarƙoƙi, wadda injiniya Thomas Telford ya kammala a 1826, sannan muka ƙarasa tashar Holyhead, inda jirgin fito ya haɗiye motarmu tare da manyan tireloli, ya sauke mu a Dublin bayan awa uku da 'yan mintoci. Ba mu kwana a birnin ba. Abin da direba zai fara kiyayewa shi ne alluna a Jamhuriyar Ailan da kilomita suke ƙidaya, alhali agogon motar da ta fito daga Ingila da mil yake magana, kuma kuɗin ma ya koma yuro. Abu na biyu da ido zai kama shi ne kowane gari suna biyu gare shi a jikin allo, na harshen Ailan a sama da rubutu mai karkata, na Ingilishi a ƙasa da manyan haruffa. Dublin ɗin da muka baro ma sunansa a nasu harshen Baile Átha Cliath. Mun ratse ta Ballyhaunis a gundumar Mayo muka yi sallah a masallacin garin, wanda aka gina a shekarun 1980 saboda Musulmin da suka zo aiki a mayankar halal ta wurin, kuma shi ake ambata a matsayin ginin farko da aka yi takanas domin masallaci a ƙasar.

Daga Westport zuwa yamma hanya ta fara tsukewa, har ta kai ga wuraren da ciyawa ta tsiro a tsakiyar kwalta, katangar dutse a dama, katangar dutse a hagu, kuma an jera duwatsun ne kawai bisa juna ba siminti ba laka. A wata kwana muka yi kiciɓis da tarakta tana jan tirela, babu wurin wucewa, dole na sa ribas na yi ta ja da baya har zuwa wani ɗan lungu da aka tanada domin haka, kuma a cikin ja da bayan ne wani dutse da ya ɓuya a cikin ciyayi ya karce mini gefen mota tun daga ƙofar baya har zuwa fitila. Manomin da ya zo wucewa bai tsaya ba, bai yi hon ba, sai ya ɗaga yatsa ɗaya daga kan sitiyari. Da farko na ɗauka reni ne, sai daga baya na gane cewa gaisuwar mutanen karkara ke nan a kan hanya, ko sun san ka ko ba su san ka ba, har ni ma na koya. Tumaki kuwa su ne sarakunan hanya, kowace da shafin fenti ja ko shuɗi a gadon baya, shaidar mai ita, suna kwance a kan kwalta saboda ɗuminta, ba su damu da mota ba. A cikin fadamun da ke gefen hanya mun ga inda ake yanka wata baƙar ƙasa kamar tubali, a jingina ta da juna ta sha iska ta bushe, sannan a yi makamashi da ita, kuma ƙamshin hayaƙinta ne ke tarbar mutum a ƙauyukan yamma ko a tsakiyar bazara.

Wurin da ya sauya mini tafiyar shi ne kwarin Doolough, tsakanin Louisburgh da Leenane. Ma'anar sunan a harshensu ita ce baƙin tafki, kuma haka yake, ruwa ne baƙi wuluk a tsakanin manyan duwatsu biyu, babu gida, babu bishiya, babu motsin kowa sai iska. 'Yarmu, mai shekara goma sha ɗaya, ta ce ba ta taɓa ganin wuri mai kyau kamarsa ba, kuma abin da ya fi burge ta shi ne babu mutane. A bakin hanya akwai wata 'yar alamar dutse da aka kafa domin tunawa. A ƙarshen watan Maris na 1849, ɗaruruwan mayunwata sun taru a Louisburgh domin jami'an agaji su duba su, su tabbatar da cewa sun cancanci a ci gaba da ba su taimako, sai aka ce musu jami'an sun wuce zuwa wani masaukin masu farauta da kamun kifi da ake kira Delphi Lodge, kimanin mil goma sha biyu daga garin, kuma duk wanda ba ya son a cire sunansa to ya bayyana a can da sassafe. Suka bi wannan kwari cikin dare da sanyi, da tsofaffi da mata da yara, ciki babu komai, kuma a hanyar dawowa wasunsu suka faɗi a bakin tafkin ba su sake tashi ba.

Da na ɗaga kai na dubi gangaren duwatsun yankin da kyau, sai na fara ganin abin da duk wanda ya taɓa riƙe garma zai gane nan take, wato layukan kunya a jere daga sama zuwa ƙasa, ciyawa ta rufe su amma siffarsu ba ta ɓace ba, musamman idan rana ta karkata. Kunyoyin dankali ne na mutanen da suka noma wurin, suka mutu ko suka yi ƙaura. Wannan dankalin Turawa da muke saya daga Jos, wanda matanmu ke kira Arish a kasuwa, sunan wannan ƙasa yake ɗauke da shi, kuma shi ne abincin da kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanenta suka dogara da shi kacokan, domin talakawa 'yan haya ne a gonakin manyan masu ƙasa, hatsin da suka noma na biyan haya ne, dankali ne na tukunya. Daga 1845 wata cuta ta riƙa ruɓar da shi a cikin ƙasa shekara bayan shekara, kuma kafin 1852 kimanin mutum miliyan ɗaya sun mutu, wasu kimanin miliyan ɗaya sun bar ƙasar, alhali a waɗannan shekarun jiragen ruwa ba su daina fitar da hatsi da shanu daga tashoshin Ailan zuwa Ingila ba. Masu ƙasa da yawa sun kori waɗanda suka kasa biyan haya, suka rushe rufin ɗakunansu don kada su dawo. Ƙidayar 1841 ta samu mutum sama da miliyan takwas a tsibirin, yau kuwa, bayan fiye da shekara 180, idan aka haɗa Jamhuriyar da Ailan ta Arewa, wato ɓangaren tsibirin da ke ƙarƙashin Birtaniya, kimanin miliyan bakwai ne. Daga cikin waɗanda suka aika da gudummawa a 1847 akwai Sultan Abdulmajid na Daular Usmaniyya, ta Turkiyya nake nufi ba ta Sakkwato ba, wanda ya bayar da fam dubu ɗaya. Tun daga ranar da muka tsaya a wannan kwari, duk inda na ga kango mai bango biyu a tsaye ba rufi a gefen teku, irin wanda masu yawon buɗe ido ke tsayawa su ɗauki hoto a gabansa, sai in ji nauyin ɗaga wayata.

Ba zan ɓata fili a kan gaɓar Moher ta gundumar Clare ba, duk da ita ce aka fi tallatawa. Gaskiya ne dutsen ya miƙe tsaye daga cikin Tekun Atilantika har mita 214 a inda ya fi tsawo, kuma hasumiyar da Cornelius O'Brien ya gina a 1835 tana nan, amma fiye da mutum miliyan ɗaya ke zuwa wurin a shekara, kuma ranar da muka je sai da muka yi layi kafin mu samu wurin leƙawa. Gaɓar Kilkee da ke kudu da ita ba ta kai ta tsawo ba, amma mun same ta kusan mu kaɗai, ba kuma wanda ya karɓi ko sisi a hannunmu. Daga nan muka haye bakin kogin Shannon a ƙaramin jirgin fito daga Killimer zuwa Tarbert cikin minti ashirin. Duk wannan hanya ɓangare ce ta wadda hukumar yawon buɗe ido ta ƙasar ta ƙaddamar a 2014 da sunan Wild Atlantic Way, mai tsawon kimanin kilomita 2,500 daga Donegal zuwa Kinsale, kuma ba sabuwar kwalta aka shimfiɗa ba, tsofaffin hanyoyin ƙauye ne aka haɗa aka kafa musu alama iri ɗaya.

A zirin Dingle ne muka shiga ɗaya daga cikin yankunan da suke kira Gaeltacht, wato inda hukuma ta amince harshen Ailan ne harshen al'umma. Da zarar an wuce allon da ke sanar da haka sai Ingilishi ya ɓace daga yawancin allunan hanya, inda ake son ka rage gudu sai ka ga an rubuta Go Mall, inda ake son ka ba da hanya kuma Géill Slí. Garin Dingle kansa ya sha rigima a kan wannan. A 2005 gwamnati ta mayar da An Daingean ya zama sunansa kaɗai a hukumance, 'yan kasuwar garin suka ce baƙi na ɓata hanya, ciniki na raguwa, aka yi ƙuri'ar jin ra'ayi a 2006, daga bisani aka daidaita a kan suna biyu, Dingle da Daingean Uí Chúis. A ƙarshen zirin, daga ƙauyen Dún Chaoin, ana hango tsibirin Blasket babba, inda masunta masu magana da tsantsar harshen Ailan suka rayu, har wasunsu suka bar littattafai a kan rayuwarsu da ake karantawa a makarantu. Samari da 'yan mata suka yi ta tafiya Amurka, yawancinsu birnin Springfield na jihar Massachusetts, har ya zama babu isassun majiya ƙarfi da za su tuƙa kwalekwale idan wani ya kwanta ciwo, sai gwamnati ta kwashe mutum 22 da suka rage a 1953. Ranar da muka tsaya a wurin sararin sama ya washe, muna iya ƙirga kangayen ƙauyen daga wannan gaɓa.

A nan ne zaren biyu, na kufai da na harshe, suka haɗu a kaina, domin waɗanda yunwa ta fi kashewa da waɗanda ƙaura ta fi kwashewa su ne talakawan yamma, kuma su ne masu harshen. Iyayen da suka san cewa 'ya'yansu Boston ko Liverpool za su ƙare, da kansu suka riƙa tura su ga Ingilishi. Yau tsarin mulkin 1937 ya sa harshen Ailan a matsayin harshen hukuma na farko, ana koyar da shi a makarantu, yana da gidan rediyo tun 1972 da na talabijin tun 1996, amma a ƙidayar 2022, cikin kusan mutum miliyan 1.9 da suka ce suna iya shi, kimanin 72,000 ne kawai ke magana da shi kullum a wajen makaranta. A kwana bakwai da muka yi a ƙasar, sau biyu kacal na ji ana hira da shi, ɗaya a wani shago a Dún Chaoin, ɗaya tsakanin wata dattijuwa da jikanta a tashar mai. A ganina hukuma ta yi abin da hukuma za ta iya, ta sa shi a allo da aji da takarda, sai dai abin da ake faɗa a kan tukunya da wurin barci ba ya cikin ikonta.

Ga Musulmin da zai bi wannan hanya a watan Yuni, ya san cewa a yammacin Ailan rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, alfijir kuma yana ketowa ba da jimawa ba bayan mutum ya kwanta, saboda haka rangwamen kasaru da haɗa salloli ya yi mana amfani ƙwarai. A ƙananan masaukan da iyalai ke buɗewa a gidajensu, karin kumallon gargajiya cike yake da naman alade har da wani baƙin tsiran da ake yi da jini, amma duk inda muka yi bayani tun da dare, da safe mun tarar da ƙwai da kifi da burodin gida, ba tare da wani ya ɓata fuska ba. Zangonmu na ƙarshe mai muhimmanci shi ne Cobh a gundumar Cork, tashar da kimanin mutum miliyan biyu da rabi suka bi suka bar ƙasar tsakanin 1848 da 1950, kuma nan ne jirgin Titanic ya yi tsayawarsa ta ƙarshe ranar 11 ga Afrilun 1912. Daga can muka miƙa zuwa Rosslare, jirgi ya ɗauke mu ya haye da mu zuwa Fishguard a kudu maso yammacin Wales cikin kimanin awa uku da rabi.

Fishguard na alfahari da cewa a nan sojojin wata ƙasa suka yi saukarsu ta ƙarshe a ƙasar Birtaniya da niyyar mamaya, lokacin da dakarun Faransa suka sauka a watan Fabrairun 1797 suka kuma miƙa wuya bayan kwana biyu. Kusa da shi akwai St Davids, wanda shi ne birni mafi ƙanƙanta a Birtaniya, mutanensa ba su kai dubu biyu ba, babbar majami'arsa kuma an gina ta a cikin kwari, ba ka ganin ta sai ka zo daf da ita. Gaɓar Pembrokeshire ta fi ta Ailan laushi, ga rairayi ga furanni a kan duwatsu, da hanyar ƙafa mai mil 186 da ke bin bakin teku. Tumaki a Wales ma sun ninka mutane kusan sau uku. Amma abin da na fara lura da shi shi ne kalmar ARAF da aka rubuta da farin fenti a kan kwalta kafin kowace kwana, a sama da takwararta ta Ingilishi. Fishguard a jikin allo Abergwaun ne, St Davids kuma Tyddewi. Sunayen suna da ma'ana kamar namu na Tudun da Birnin da Rijiyar, domin Aber bakin kogi ne inda yake shiga teku, Llan kuma harabar majami'a, don haka wanda ya riƙe kalma biyar ko shida sai taswira ta fara yi masa bayanin ƙasar.

Muna tafiya arewa a kan hanyar bakin teku, bayan mun wuce Aberaeron mai gidaje launi-launi, kusa da ƙauyen Llanrhystud, sai ga ragowar bangon wani kango an shafe shi da jan fenti, an rubuta da fari: Cofiwch Dryweryn. Ma'anarsa, ku tuna da Tryweryn. A 1957 majalisar dokokin Birtaniya ta ba birnin Liverpool na Ingila izinin datse kwarin Tryweryn domin samun ruwan sha, duk da cewa cikin 'yan majalisa 36 da ke wakiltar Wales babu ko ɗaya da ya jefa ƙuri'ar amincewa. A cikin kwarin akwai ƙauyen Capel Celyn, wanda mutanensa harshen Wales suke yi, da makarantarsa da wurin ibadarsa da gidan waya, kuma zuwa 1965 duk suna ƙarƙashin ruwa. Mutum 48 ne suka rasa gidajensu, adadin da bai kai na wata unguwa ƙarama ba, amma abin da ya ƙona ran jama'a shi ne ganin cewa ko da duk wakilansu sun haɗa baki, ba su isa su kare ƙauye ɗaya ba. Majalisar birnin Liverpool ta nemi gafara a 2005. Bangon kuwa an sha ɓata shi, kuma da aka rushe wani sashensa a 2019, matasa suka sake gina shi, rubutun kuma ya bazu a bangaye da motoci a duk faɗin yankin.

Allunan da nake ta karantawa ma ba kyauta aka ba su ba. A Aberystwyth, garin da ke da jami'a tun 1872 da kuma babban ɗakin karatu na ƙasar Wales, mun haye gadar Trefechan, inda a watan Fabrairun 1963 ɗalibai da matasa suka zauna a tsakiyar hanya suka tare motoci, suna neman a riƙa rubuta sammacin kotu da harshensu. A shekarun da suka biyo baya 'yan ƙungiyar kare harshen suka riƙa shafe allunan Ingilishi zalla da koren fenti ko su tumɓuke su, da yawansu suka sha tara da ɗauri, har wani kwamitin gwamnati ya ba da shawarar a yi alluna da harshe biyu a 1972. Da gwamnati ta so janye alƙawarin buɗe tashar talabijin ta harshen Wales, ɗan siyasa Gwynfor Evans ya yi barazanar yajin cin abinci har mutuwa a 1980, aka buɗe tashar S4C a 1982. Dokar 1993 da ta 2011 suka ƙara wa harshen matsayi. Ƙidayar 2021 ta nuna masu magana da shi kimanin 538,000 ne, wato ƙasa kaɗan da kashi 18 cikin ɗari, kuma adadin ya ragu a kan na baya, amma a gundumar Gwynedd kusan kashi biyu cikin uku na jama'a suna yin sa. Bambancin da kunnena ya ji tsakanin ƙasashen biyu a fili yake. A Ailan na fi ganin harshen da ido, a arewa maso yammacin Wales kuwa da shi yara ke faɗa a filin wasa, da shi mai kanti ke yi wa yaronsa faɗa.

A nan ne na ba 'yarmu labarin wani ɗan katako da ake kira Welsh Not, wanda a wasu makarantun ƙarni na 19 ake rataya wa yaron da aka kama yana harshen Wales, shi kuma ya kasa kunne ya kama wani ya miƙa masa, wanda aka tashi yana wuyansa shi ke shan bulala. Ban buƙaci a yi mini dogon bayani ba, domin a makarantar kwanan da na yi akwai ɗalibin da aikinsa ke nan, ya rubuta sunan duk wanda ya ji yana Hausa a ɗakin kwana, ranar Asabar a ba mu yankan ciyawa. Ba ina cewa Hausa na cikin halin da waɗannan harsuna suke ba, Allah Ya sa ta fi ƙarfin haka nesa ba kusa ba, kuma idan za a faɗi gaskiya, a wasu garuruwan Bauchi da Filato da Adamawa ita ce ke cinye ƙananan harsuna. Amma a cikin motata lamarin daban ne, domin duk wannan labari da Hausa na fara shi, da na ga fuskar yarinyar sai na ƙarasa da Ingilishi, mahaifiyarta na kallona ba ta ce komai ba.

Mun tsaya a Harlech, inda ganuwar da Sarki Edward na Ɗaya na Ingila ya fara ginawa a 1283 bayan ya ci Wales da yaƙi take zaune a kan dutse. A zamaninsa teku na zuwa har gindin dutsen, jiragen ruwa na kawo wa dakaru abinci, yanzu kuwa ruwan ya ja baya, filin ciyawa da tudun rairayi ne a tsakani. Matar da muka sauka a gidanta a kusa da nan ta nuna mini jerin gidajen da ke fuskantar teku, ta ce da hunturu yawancinsu a rufe suke, domin masu kuɗi daga biranen Ingila sun saye su don hutun bazara, farashi ya hau, 'ya'yan gari sun kasa saye sun tafi, makarantar ƙauye kuma tana rasa yara. Shi ya sa tun 2023 doka ta ba ƙananan hukumomin Wales damar ƙara wa irin waɗannan gidaje haraji har kashi 300 cikin ɗari. Ban ji daɗin zama a gabanta da lambar motar Ingila a ƙofar gida ba, ko da yake ta ce baƙon da ya kwana a ɗakin 'yan gari ya sayi burodi a kantinsu ba shi ne matsalarsu ba. Wanda zai yi wannan tafiya, shawarata ita ce ya kama ɗaki a irin waɗannan gidaje, kada ya tsara fiye da awa uku ko huɗu na tuƙi a rana, domin kilomita ɗari a can yakan ci lokacin ɗari biyu, ya kuma tafi da rigar ruwa ko da ya ga rana ta fito.

Daga Caernarfon zuwa gida maiɗakina ta kafa doka cewa duk allon da muka wuce sai yarinyar ta faɗi ma'anarsa da Hausa. ARAF bai ba ta wahala ba, ta ce sannu a hankali, gada da tasha da asibiti ma ta kawo su. Inda muka cije mu duka uku shi ne a kan dogon farin ginin nan mai fitila a ka, wanda ake kafawa a bakin teku domin ya yi wa jiragen ruwa jagora da dare, irin na South Stack da ke kusa da Holyhead, wanda aka gina a 1809. Ni na ce hasumiyar fitila, mahaifiyarta ta ce fitilar jirage, har muka iso Birmingham ba mu daidaita ba. Idan a cikin ma'aikatanka ko masu karatu akwai wanda ya san sunan da ya fi waɗannan dacewa, ina roƙon ya aiko da shi ta wannan shafi, domin yarinyar tana jiran amsa.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Allah Ya ƙara wa jaridar ɗaukaka.

Naka,
Mai karanta jaridarku daga Birmingham, Ingila